Ƙayar da Ke Jin Atishawa

A Argungu, in ƙayar kifi ta tsaya wa mutum a maƙogwaro, ba a tambayar inda za a nufa, ƙofar Laure ake yi. Gidansu gidan Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni, kuma cire ƙaya gadonsu ne. Da ubansu ya ji tsufa ya taso masa, sai ya tsallake ɗansa namiji, Riskuwa, ya damƙa wa Laure sanin, don ya ce hannunta na da sanyi, shi kuwa Riskuwa ko tuwo yake ci sai ka ce da gaba tsakaninsu. Tun daga nan take aikin. In a wuya ne, ta shafa ruwan tofi, ta lallaɓa wurin har ƙaya ta wuce. In kuwa ta kifin ƙurungu ce ta karye a tafin ƙafar masunci, ta bi ta da yatsa har ta gano bakinta, ta zaro. Ta yi furfura a haka, ba a taɓa jin ta ce akwai an tarar babu ba, ko ta ce babu an tarar akwai. Ba ta da gona, ba ta da jirgi. Maganarta ita ce abin da ta mallaka a garin nan, kuma tana ji da ita ƙwarai.

To, wanda ya zo ya gwada maganar nan ba bare ba ne, wanda suka sha nono ɗaya ne.

Wata safiya, bayan ruwan gulbi ya fara ja da baya, jirgin Riskuwa ya kafe a kan yashi. Ga mutane nan a bakin gaɓa, kira ɗaya zai yi su zo, amma Riskuwa ba ya cikin masu yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya shiga ruwa, ya sunkuya, ya cicciɓi gindin jirgin da tsufansa da komai. Yana yunƙurawa ya ji wani abu ya soke shi a tafin ƙafar hagu, wajen gindin ƙaramin yatsa, zafin ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya girma a bakin gulbi ya san wannan zafin, ko yana zaton ya san shi. Ƙurungu kifi ne mai ƙaya a baya da gefe, in ka taka shi sai ya bar maka tsininta a nama. Riskuwa bai ko duba ba, ya ɗingisa har gidan ƙanwarsa, ya zube a tabarma, ya miƙa mata ƙafa.

"Ke Laure, zaka ki hidda min abin ga."

Ta wanke ƙafar, ta juya ta wajen haske, ta bi ta da yatsa tun daga dunduniya. Ta danna inda ya nuna, bai ko motsa ba. Mai ƙaya a jiki kuwa, kana kai hannu kusa yake janyewa.

"Yaya, babu ƙaya ga ƙahwag ga."

"Sake dibawa."

"Na diba. Babu huda, babu jini, babu kumburi."

"Ruwa ya wanke jinin, huda ta ruhe. Mai ɗaki shi yas san inda ruwa ka zuba mishi. Ni ka jin ta, ba ke ba."

Ta sake dubawa don girmansa, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Ya tashi ya fita ba sallama, yana jan ƙafa.

Da ciwon ya lafa cikin kwana biyu da maganar ta mutu. Sai ya ƙi. Riskuwa ya kasa zama, ya kasa tsayuwa mai tsawo, sallah ma sai a kishingiɗe. Gefen ƙafar ya soma yi masa dindiris, tafin kuma yana suka kamar yanzu aka caka. Jirginsa ya bushe a gaɓa. Masu zuwa dubiya kowa ya fito da labari, kuma labarin iri ɗaya ne: ga mutum kwance da ƙaya a ƙafa, ga 'yar'uwarsa mai cire ƙaya a unguwa ɗaya, ta kasa. Bakin mutane ba ya gajiya. Wasu suka ce asirin gidan ya karye, wasu suka ce dama abin maza ne aka ba mace, yanzu ya nemi hanyarsa. Ba a jima ba aka fara ɗaukar masu ƙaya a babur ana kai su Gulma wurin wani mutum, ana wucewa ta ƙofar Laure ba a ko waiwaya. Tana jin ƙarar baburan daga tsakar gida, abin yana ci mata rai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Rannan Rukayya, matar Riskuwa, ta shigo da hantsi, ta zauna kusa da ita, ta kwance bakin zanenta, ta nuna mata abin da ta ƙullo. Ƙayar ƙurungu ce 'yar ƙarama, ta tsinto a wurin gyaran kifi.

"Gwaggon yara, ki ji tausayinmu. Ki ɓoye ta cikin yatsu, ki murza ƙahwatai, ki nuna mishi. Hankalinai shi kwanta, bakin mutane shi mutu, ke ma ki huta. Wa za ya sani?"

Laure ta kalli ƙayar nan ta daɗe. Kada mai karatu ya ɗauka ba ta so ba, ta so ƙwarai. Aiki ne na ƙiftawar ido, kuma gobe da safe baburan Gulma za su juyo ƙofarta. Amma ta san jibi ciwon zai tashe shi, kuma daga ranar ita kanta ba za ta ƙara yarda da yatsunta ba.

"Rukayya, in na hidda wagga, wadda ka cin shi ta hita? Mai da abinki."

Rukayya ta ɗaure bakin zanenta ta fita tana share hawaye. Kafin la'asar labari ya iso cewa Riskuwa ya aika a kira Tamba wanzami, gobe da safe a tsaga ƙafar a tono ƙayar ko tana ina.

Da sassafe Laure ta isa gidan. Ta tarar an shimfiɗa wa Riskuwa tabarma a inuwar zaure ta ciki, maƙwabta sun taru kamar ana rabon gado. Tamba, dattijo ne mai sanyin magana, yana wasa askarsa yana satar kallon ƙafar, fuskarsa ba ta nuna yana son aikin ba. Can cikin gida Rukayya na dakan yaji, don a yi wa maigida farfesu in an gama. Ba wanda ya amsa sallamar Laure da kyau. Ta nemi gefe ta tsuguna, ba ta san abin da za ta ce ba, ta dai san ba za ta iya zama a gida ana yanka ɗan'uwanta a banza ba.

Iska ta kwaso ƙaurin yajin ta shigo da shi zauren. Riskuwa ya ja hanci, ya saki atishawa, a take ya ƙwalla ƙara ya damƙi ƙafarsa da hannu biyu, gumi ya karyo masa. Mutane suka hau yi masa sannu. Laure kuwa ta miƙe tsaye.

"Yaya, sake atishawa."

"Kin haukace?"

Ba ta tsaya gardama ba. Ta shiga cikin gida, ta tsakuro yaji daga turmi, ta dawo ta hura masa a fuska, a gaban jama'a, tsohuwa da furfurarta. Ya yi atishawa, ya yi ƙara, ya sake yi, ya sake yin ƙara, a tsakani yana ambaton sunayen da bai kamata ɗan'uwa ya kira 'yar'uwarsa da su ba. Rabin zauren ma atishawar suke yi. Da ƙura ta lafa, ta juya wajen wanzamin.

"Malam Tamba, tun ina budurwa nika hidda ƙaya, ban taɓa ganin wadda ka jin atishawa ba. Hanci na bisa, ƙahwa na ƙasa. Wa ka kai mata labari?"

Tamba ya daina wasa aska. Ya ce shi ma tun ɗazu yake neman inda zai sa baki bai gani ba, aska kuwa ba ta son shiga inda ba a gayyace ta ba.

Riskuwa ya ce duk munafunci ne, sun haɗa baki. Sai Laure ta durƙusa a gabansa, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Mu tahi Birnin Kabi a yi ma ƙahwag ga hoto. In hoto ya nuna ƙaya, ko kamat tsinin allura ta, na aje aikin ga har in mutu. Kai da bakinka ka hwaɗi ga kasuwa cewa gadon baba ya mutu hannuna."

Ya dube ta da jajayen idanu, ya ce ya yarda, kowa ya shaida.

A mota ya kasa zama, sai kujerar baya aka bar masa ya kwanta a gicciye. Duk ramin da taya ta faɗa, sai ya cije leɓe ya kama ƙafa. Laure na gaba tana kallon fadamun shinkafa suna wucewa. A zaure ta yi magana kamar mai tabbas, amma yanzu da ba kowa sai ita da zuciyarta, sai ta riƙa tuna cewa yatsu ma suna tsufa. In wata 'yar mitsitsiya ce ta nutse can cikin nama fa? Ta kalli hannayenta a kan cinya, ta ga duk sun yi tamoji.

Likitan da suka samu a asibitin Birnin Kebbi sunansa Dokta Izzuddeen, ɗan gidan malamai ne na cikin gari, ba ya gaggawar magana. Ya saurari labarin ƙurungu har ƙarshe, ya tura su aka yi hoton ƙafa. Da aka kawo, ya ɗaga shi a haske, ga ƙasusuwa nan reras, babu wani baƙon abu. Ya ƙara da cewa ƙaramar ƙaya takan ɓuya wa hoto, amma ba ta iya ɓoye kumburi da ruwa tsawon wannan lokaci.

"To kun ji," in ji Riskuwa. "Injin ma bai ganin ta."

Daɗin da Laure ta fara ji ya koma ciki. In a haka suka koma, Argungu za ta ce inji ne ya makance, aska kuma na nan tana jira. Ta gyara mayafi, ta ce da likitan, cikin jin nauyi, akwai wani abu da ta gani, ko da yake ba ta san ko yana da amfani ba. Ta ba shi labarin atishawa. Bai yi dariya ba, sai ma ya ajiye biro ya juyo da kujerarsa.

"Baba, in ka yi tari hwa?"

"Haka."

"Zama ko kwanciya, wane yaf fi ma wuya?"

"Zama."

"Bayanka na ciwo?"

"Ciwon baya ai ba ciwo ba na, likita. Wane masunci na babu shi?"

Likitan ya kwantar da shi rigingine a kan gado, ya kama dunduniyar hagu, ya soma ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali. Ba ta yi nisa ba Riskuwa ya ce ga ta nan ta soke shi. Likitan ya lanƙwasa gwiwar, ya tambaya, Riskuwa ya ce ta saki. Ya sake miƙewa, ta sake suka. Tafin ƙafar kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Riskuwa ya ɗago kai yana kallon ƙafarsa kamar ta wani ce aka ba shi aro.

Aka yi hoton baya. Dokta Izzuddeen ya nuna musu ƙasusuwan gadon baya a jere, da wani faifai mai taushi da ke tsakanin kowane biyu. Ya ce na can ƙasa wajen ƙugu ne ya bultso ranar da aka cicciɓi jirgi, ya danne wata jijiya. Jijiyar nan kuwa daga nan ta taso, ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya, ba ta tsaya ba sai tafin ƙafa. In an matse ta a sama, can ƙasa take kai ƙara. Atishawa da tari suna ƙara matsa wurin, shi ya sa.

"Ƙahwa ka ciwo, ka ce baya," in ji Riskuwa, amma muryarsa ta yi laushi.

"Baba, ba ka taɓa ganin ɗaki na zuba bisa gado ba, a hau a ishe hudat tana can wajen ƙohwa, ruwan azara yab biyo?"

Riskuwa ya gyaɗa kai, don ya taɓa gani, a ɗakinsa ma. Likitan ya ce yana sa ran ba sai an yi aiki ba, magani ne da gashin ƙashi da haƙuri, sai kuma a bar ɗaukar jirgi da hannu. Sannan ya juya wajen Laure ya ce da an tsaga ƙafar nan da an ƙara masa ciwo a kan ciwo, kuma abin da ta lura da shi ya rage masa aiki. Ta sunkuyar da kai ta ce Alhamdu lillahi, ƙirjinta kamar an sauke mata dutse.

Suka sauka gidan Hanifa, 'yar Riskuwa da ke aure a Birnin Kebbi, suna zuwa gashi daga can. Ana kwantar da shi rub da ciki, ana koya masa yadda zai riƙa ɗago ƙirji, da yadda zai tashi daga kwance ba tare da ya murɗa ƙugu ba. Yana yi yana mita, amma yana yi. Har yanzu bai daina kiran abin ƙaya ba. Wata safiya sai ga shi ya fito daga ɗaki ido a waje.

"Laure, ta tashi. Ta bar tahin ƙahwa, tana sharaɓa."

Bayan 'yan kwanaki ta hau bayan gwiwa, daga nan ta kama cinya. Duk masunci ya ji labarin ƙayar da ke tafiya a jiki har ta kai zuciya, saboda haka Riskuwa ya tara Hanifa da mijinta ya fara wasiyya, har ya faɗi wanda za a ba jirgi. Da aka kai wa Dokta Izzuddeen labari, wannan karon kam ya yi dariya. Ya ce albishir ne, haka ciwon yake yi in jijiya ta fara samun sarari, yana janyewa ne yana komawa inda ya fito. Haka kuwa aka yi. Ya bar cinya, ya tattaru a ƙugu, ya zama ɗan nauyi kawai. Ranar Riskuwa ya kai hannu ya dafa ƙasan bayansa, ya daɗe a haka.

"To ashe nan take," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. Iyakar abin da Laure ta samu daga bakinsa ke nan.

Suka koma Argungu yana zaune daram a kujerar gaba. Laure ta zaci magana ta ƙare, ashe da saura. Gari ya ga Riskuwa na tafiya da ƙafafunsa, sai gari ya yanke hukunci cewa likitan Birni ya cire ƙayar da ita ta kasa. Baburan Gulma suka ci gaba da wucewa. Ba ta bi gida gida tana bayani ba, don wanda ya kamata ya yi magana yana nan da bakinsa, kuma ta san girman kansa. Wannan ya fi na farko yi mata ciwo. Ta yi gaskiya, ta tsirar da ƙafar ɗan'uwanta, ga ta zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa ba mai sallama.

Ranar kasuwa da hantsi ta ji hayaniya ta doso ƙofarta. Ta leƙa. Riskuwa ne a gaba, ba sanda, ba ɗingishi, yana tafe yana buɗa hanya da hannu. A bayansa wasu maza na ɗauke da wani manomin albasa daga Augie, Sunusi, ƙafarsa naɗe da tsumma. A tasha ya tsinkaye su suna neman babur zuwa Gulma, ya tare su, 'yan kasuwa kuma suka biyo baya don ganin ƙwaƙwaf. Ya tsaya a bakin zaure, ya juya ya fuskanci taron, ya tuɓe takalminsa na hagu, ya ɗaga tafin ƙafar.

"Ku diba da kyau. Akwai tsaga? Akwai ɗunki? Babu abin da anka hidda nan, don babu abin da yash shiga. Ciwon ga baya shike. Ni nic ce akwai, ku duka kunka ce akwai, ita ɗai tac ce babu, kuma ita ag da gaskiya. Ku aje mutumen ga nan."

Aka ajiye Sunusi a tabarma. Laure ta fito, rabon da ta taɓa ƙafar wani tun ta Riskuwa. Ta wanke hannu, ta kwance tsumman. Ƙafar ta kumbura, ta yi zafi. Ta rufe ido, ta ɗora yatsa a dunduniya ta fara bi, taron nan kuwa ko tari babu mai yi. Kafin ta kai tsakiyar tafin mutumin ya zabura ya janye. Ta riƙe shi, ta sake komawa wurin a hankali, sai ta ji abin a ƙarƙashin yatsanta, ɗan tauri, a kwance a karkace. Yatsun nata ba su manta komai ba.

"Akwai," ta ce.

Ta yi bisimilla, ta tofa, ta matsa gefe da gefe har bakinta ya leƙo, ta kama ta zaro ta ɗungurungum, baƙa, mai tsini, ba ta karye ba. Sunusi ya saki dogon numfashi. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga bayan taron, wasu suka karɓa. Laure ta miƙe, hawaye na bin kumatunta ba ta damu ta share ba, ta kamo hannun ɗan'uwanta ta ɗora masa ƙayar a tafi.

"Yaya, haka take in akwai ta."

Riskuwa ya dube ta, ya dubi ƙayar. Sannan ya kama ta da yatsu biyu ya ɗaga sama iyakar tsawon hannunsa, yana juyawa a hankali don na can baya ma su gani.